Wane Tebur Za a Zaunar da Kai? Jagora ga Mai Neman Aikin Farko a Harkar Kuɗi

Da wuya a yau matashi ya gama bautar ƙasa ya wayi gari da takardun ɗauka aiki biyu a hannu har ya tsaya ruwan ido. Yawanci wanda ya samu shi yake kamawa, kuma ba a ga laifinsa ba. Sai dai tun kafin takarda ta zo ake yin zaɓin: wuraren da ka aika da takardun neman aiki, jarrabawar da ka hana idonka barci dominta, da ofishin da ka roƙi kawunka ya yi maka magana. Wanda ya san abin da yake nema tun a wannan mataki, ko aiki ɗaya tak ya samu, zai san irin zaman da zai yi a cikinsa, da ƙofar da zai bi in lokacin tashi ya yi.

Abin da iyaye da 'yan unguwa suke ji shi ne sunan wuri. Da an ce "ai a banki yake aiki," magana ta ƙare, har masu 'ya'ya mata sun fara gaishe ka da kyau. Amma a cikin banki ɗaya akwai sana'o'i barkatai, kuma ba su da daraja ɗaya a kasuwar aiki. Ka duba yaran shago biyu a Kantin Kwari. Ɗaya yana bakin ƙofa yana kiran masu wucewa. Ɗayan yana zaune kusa da maigida, yana jin nawa aka saro atamfa, wa ake ba bashi, wa ake hanawa, da dalili. Kuɗin abincinsu ɗaya, amma ranar sallama kowa ya san wanda zai iya riƙe shago. Saboda haka tambayar da za ka riƙe ita ce: in aka karɓe katin shaidar wurin nan daga wuyana bayan shekara uku, wace sana'a ce za ta rage a hannuna, kuma wa zai saye ta?

Kada ka ɗauka karɓe katin abu ne mai nisa. A 2004 gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25, kuma kafin 2005 ta ƙare bankuna 89 sun koma 25. A watan Agustan 2009 magajinsa, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. Bankin Skye ya rasa lasisinsa a 2018, Diamond ya narke cikin Access a 2019, an rufe Heritage a watan Yunin 2024. A 2024 ɗin ne kuma aka sake ɗaga jarin, har naira biliyan 500 ga bankin da ke da izinin aiki a ƙasashen waje. Duk sanda bankuna biyu suka haɗe, rassansu biyu da ke kallon juna a titi ɗaya sai ɗaya ya rufe, kuma ba a bukatar kashiya ninki biyu. Wanda ya iya tantance bashi ko binciken asusu kuwa, kafin ya gama kwashe kayansa wani ya kira shi.

Fara da kan takardar

Idan takardar ɗauka aiki ta zo, kafin idonka ya sauka kan albashi, ɗaga shi sama ka ga sunan wane kamfani ne a kai. Da yawa daga cikin waɗanda kake gani a kanta suna ƙirga kuɗi, sanye da kalar banki, ba ma'aikatan bankin ba ne. Wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya ɗauke su ya ba banki haya. Su ake kira 'yan kwantiragi. Aikinsu ɗaya da na cikakken ma'aikaci, wani lokaci ma ya fi nauyi, amma albashin bai kai ba, matakalar ƙarin girma ba tasu ba ce, kuma horon da ake tura mutane hedikwata ba ya biyowa ta kansu. Za a ce maka, "ka shiga dai, ana mayar da mutane cikakku." Ana yi, amma ka nemi a nuna maka wanda aka mayar a wannan reshen, da shekarun da ya yi yana jira.

Ban ce ka ƙi aikin kwantiragi in shi kaɗai ya samu ba. Zaman gida ya fi shi muni. Ka karɓa, amma ka yanka wa kanka wa'adi, kuma ka ci gaba da neman shirin horar da sababbin masu digiri, wanda ta nan ne ake shiga a matsayin cikakken ma'aikaci. Wannan shirin yana da iyakar shekaru. Bankuna da manyan kamfanonin odit sukan ce kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27, wasu kuma su ƙara da sai mai 2:1. Ga wanda yajin aikin malaman jami'a ya riga ya cinye masa shekara ɗaya ko biyu, lokacin da ya rage kaɗan ne. Shi ya sa nake ganin kuskure ne matashi ya gama bautar ƙasa ya zarce digiri na biyu don kawai "kafin aiki ya samu." Digiri na biyu zai jira ka har ka kai arba'in. Ƙofar sababbin ma'aikata ba ta jira.

Sauran takardar ma ka karanta ta a natse. Adadin da aka rubuta na shekara yakan haɗa da kuɗin ƙwazo wanda ba lallai a biya ba, don haka ka tambayi abin da zai shiga asusunka duk wata bayan an cire haraji da fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga gare ka, mai aiki ya ƙara aƙalla kashi 10. Wurin da ba ya zuba nasa kason, ya riga ya nuna maka halinsa. Ka duba ko akwai yarjejeniyar da ta ɗaure ka na wasu shekaru saboda kuɗin horo, da nawa za ka biya in ka tashi kafin lokaci. Ka duba abin da masu tsaya maka suke sa hannu a kai, domin yawanci dattawan gidanku ne, kuma ba su karanta ƙananan rubutun ba.

Teburan da ke cikin banki

Mafi yawan sababbin ma'aikata sashen neman kwastoma ake tura su. Za a ba ka taget: ka buɗe asusu kaza, ka kawo ajiyar miliyan kaza kafin ƙarshen wata. Duk mako a zauna taro, a haska sunanka da abin da ka kawo a gaban kowa. Watan farko za ka bi 'yan'uwa, na biyu abokan babanka, na uku ka ga mutane sun fara ƙin ɗaukar wayarka. Kada a ce na kushe shi gaba ɗaya: a nan ake saurin ƙarin girma, kuma manajojin rassa da yawa ta nan suka fito. Wanda Allah ya ba shi baki da jama'a, ya dace. Amma ka gane cewa darajarka a wannan teburin tana rataye ne da kuɗin wasu. Ranar da Alhajin da ke riƙe da rabin ajiyarka ya kwashe kuɗinsa ya sayi hatsi, kai ma ka faɗi.

Sashen gudanarwa, wato kanta da bayan kanta, yana koya tsari da taka-tsantsan. Shekara ɗaya ko biyu a nan na da amfani. Fiye da haka akwai haɗari, domin aikin da manhajar waya da masu POS na bakin titi suka fi cinyewa ke nan.

Teburin da zan ce ka yi ƙoƙarin kaiwa, ko da ta zagaye ne, shi ne na tantance bashi. Ga yadda aikin yake. A ce wani ɗan kasuwa a Dawanau yana neman miliyan 80 don sayen riɗi da kaka. Manajan reshe yana so a ba shi, don tagetinsa ya cika. Kai aikinka ka karɓi bayanin shige da ficen asusunsa na wata 12, ka ga ko kuɗin da yake cewa yana juyawa da gaske suna bi ta banki, ko kuwa wasu 'yan manyan kuɗi ne ake sakawa yau a cire gobe don asusun ya yi kyau. Ka duba sunansa a hukumomin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, ko wani banki na bin sa. Ka je siton da kanka ka ga girmansa, ka tambayi wa yake sayar wa, a Legas ko a waje, kuma bayan kwana nawa ake biyansa. Ka ɗauki takardar mallakar gidan da ya kawo jingina, ka tabbatar sunansa ne a kai ba na marigayi mahaifinsu ba wanda magada goma ke da haƙƙi a ciki, ka kuma tuna cewa a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 jinginar ba ta cika sai da amincewar gwamna. Sannan ka zauna ka lissafa: in farashin riɗi ya faɗi da kashi ɗaya cikin biyar kafin ya sayar, zai iya biya? Daga nan ka rubuta ra'ayinka a shafi biyu ko uku, ka kare shi a gaban kwamiti. Wanda ya yi wannan sau da yawa ya koyi karanta kasuwanci daga cikinsa, kuma ana neman irinsa a Bankin Masana'antu, a kamfanonin zuba jari, a kamfanonin fasahar kuɗi masu ba da rance, har da ƙungiyoyin raya ƙasa.

Baitulmalin banki, inda ake cinikin kuɗin waje da takardun lamunin gwamnati, da sashen kula da haɗari, da sashen bin ƙa'ida mai sa ido kan halasta kuɗin haram, duk tebura ne masu barin sana'a a hannu. Matsalarsu ɗaya: kusan dukkansu a hedikwata suke, hedikwatar kuma yawanci a Legas. Wannan magana ce da matasanmu ba sa son ji. Reshen Kano ko Sakkwato komai girmansa, a hedikwata ake yanke hukuncin manyan basussukansa. In aka ba ka zaɓi tsakanin reshe kusa da gida da teburin hedikwata, kuma ba ka da nauyin da ya ɗaure ka, ka tafi. Haya za ta cinye albashin, cunkoson gadar Third Mainland zai cinye barcin, amma shekara uku a can kana saurayi sun fi sauƙi a kan ka nemi tafiya kana da mata da 'ya'ya uku.

Wajen banki

Kamfanonin odit, musamman manyan nan huɗu, KPMG, PwC, Deloitte da EY, sukan biya sabon shiga abin da bai kai na wasu bankuna ba, kuma daga Janairu zuwa Maris, lokacin rufe asusun shekara, ba ka da dare ba ka da Asabar. Ranar 31 ga Disamba, mutane na hutu, kai kana cikin siton wata masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, da takarda a hannu kana ƙirga buhuna, kana sa a sauke na sama don ka tabbatar tsakiyar tarin ba rami ba ne. Duk da haka ban san wata makaranta da ta fi wannan ga mai son zama babban jami'in kuɗi ba. Cikin shekara uku ka shiga littattafan banki, na kamfanin siminti, na kamfanin sadarwa, na inshora, ka ga yadda kowanne yake samun kuɗi da inda yake ɓoye asara. Sukan kuma ba da hutun jarrabawar ƙwarewa, su tura ka ka gama ta. Ƙananan kamfanonin odit na Kaduna da Kano ma suna koyarwa, in dai mai kamfanin da gaske yake zuwa wurin aiki, ba sa hannu da hatimi kawai yake sayarwa ba. Wannan a mako biyu za ka gane.

Sashen kuɗi na kamfani mai sarrafa kaya, irin su Dangote, BUA ko kamfanonin shinkafa da taki, yana da kyau in za a juya ka tsakanin tebura: biyan 'yan kwangila, lissafin tsadar kaya, haraji, kasafi. In kuwa shekara huɗu za ka yi kana shigar da rasit a kwamfuta, sunan kamfanin ba zai cece ka a intabiyu na gaba ba.

Kamfanonin fasahar kuɗi kamar Moniepoint, OPay, Paystack da Flutterwave suna ba matashi nauyi da wuri, kuma za ka koyi aiki da bayanai masu yawa. Amma ƙananan cikinsu sukan mutu ba sallama, kuma sau da yawa babu wani dattijon akanta da zai duba aikinka ya gyara maka. Na fi son mutum ya shige su a aiki na biyu, bayan ya koyi ƙa'ida a inda ake da ita.

Aikin hukuma kuwa, irin su Babban Banki, NDIC, SEC, PenCom da hukumar haraji ta tarayya, kowa na so, kuma da dalili: kwanciyar hankali, horo, da ganin harkar daga sama. In ya samu ta halastacciyar hanya, ka riƙe. Amma ba a cika tallata gurabensu ba, kuma duk wanda ya ce ka kawo miliyan kaza ya samo maka takarda, ka riƙe kuɗinka. Kada ka zauna shekara uku a gida kana jiran alkawarin wani ɗan majalisa alhali iyakar shekarun kamfanoni tana wuce ka. Wanda kuma ya samu kansa a ofishin akanta na ma'aikatar jiha, inda wani lokaci aikin yini ba ya wuce awa biyu, ya sani lokacin da ya rage shi ne ribarsa. Ya zuba shi a jarrabawa.

Maganar kuɗin ruwa

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu, kuma gara a yanke ta tun farko. Na sha ganin wanda ya shiga banki zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya yi shekaru yana aiki rabi da rabi, sannan ya ajiye ba tare da ya ƙware a komai ba. Ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa, ka bayyana masa ainihin aikin da za ka riƙa yi, ka tsaya a kan matsaya. In ka ga ba za ka iya ba, hanya ba ta toshe ba. Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa uku a Abuja, Kaduna da Kano, TAJBank ya biyo a 2019, Lotus a 2021. Gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko a 2017, na naira biliyan 100, don gina hanyoyi. Akwai kamfanonin takaful, akwai kuma cibiyar nazarin harkar banki da kuɗi ta Musulunci a Jami'ar Bayero. Sai dai ka sani, a bankin da ba ya ta'ammali da ruwa ma akwai taget, akwai 'yan kwantiragi. Wanda zai yi nisa a can shi ne wanda ya iya tsara cinikin murabaha da ijara, ya san fiƙihun ya kuma san lissafin. Masu haɗa biyun ba su da yawa, shi ya sa ake nemansu.

Jarrabawa da maigida

Kowane aiki ka zaɓa, ka auna shi da takardar ƙwarewar da kake nufi. Mai son akanta da odit, ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko ANAN mai kwaleji a Kwall kusa da Jos. Mai son ya daɗe a banki, CIBN. ACCA da fam ake biyanta, CFA da dala, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuɗinsu ya zama abin da sai an yi shiri. Abin da matasa ke mantawa shi ne cin jarrabawa kaɗai bai isa ba. ACCA na bukatar wata 36 na aikin da ya dace, wanda wani ƙwararre zai sa hannu ya shaida. CFA na bukatar awa 4,000 cikin aƙalla wata 36, a aikin da ya shafi yanke shawarar zuba jari. Shekara uku a kanta ba lallai su shiga wannan lissafin ba. Don haka ka tambaya tun a intabiyu: kuna biyan kuɗin jarrabawa? Kuna ba da hutun karatu? Akwai wanda zai sa mini hannu?

Sannan ka binciki wanda za ka zauna a ƙarƙashinsa, domin a shekarun farko shi ne rabin aikin. Hanya mafi sauƙi ita ce ka gano waɗanda suka zauna a wannan teburin shekara uku ko huɗu da suka wuce, ka ga ina suke yanzu. LinkedIn zai nuna maka wasu, tsofaffin ɗaliban sashenku za su haɗa ka da wasu. Ka kira ɗaya da ladabi ka ce, "Yaya, don Allah minti biyar nake nema. Oga yana duba aiki ya gyara, ko tsawa kawai yake yi? Yana sakin mutum in wani sashe ya neme shi?" In duk yaransa sun yi gaba, alama ce mai kyau. In suna nan inda ya same su, ko sun bar harkar gaba ɗaya, ka ji amsarka.

Ke kuma ƙanwata, duk abin da na faɗa ya shafe ki, da ƙari ɗaya. Aure ko canjin wurin aikin miji na iya ɗauke ki daga gari, kuma ajiyar kwastomomin da kika tara a Zariya ba za ta bi ki Gombe ba. ICAN ɗinki da iya rufe asusun wata za su bi ki duk inda kika je, har ki iya riƙe littattafan ƙananan kamfanoni daga gida in hali ya kama. Ki yi ƙoƙari ki ci mafi yawan jarrabawar kafin hidima ta yi yawa, ki kuma tambayi matan da ke wurin, ba jami'in ɗaukar ma'aikata ba, yadda ake yi da wadda ta dawo daga hutun haihuwa.

In ka riga ka shiga teburin da ba shi kake so ba

Kada ka yi gaggawar ajiyewa. Ka bari a tabbatar da kai tukuna, sannan ka fara neman canji a cikin gida, wanda ya fi neman sabon aiki sauƙi. In kana neman kwastoma, ka roƙa a bar ka ka rubuta takardar neman bashin kwastomanka da hannunka, ka bi ta har hedikwata, ka san sunan wanda yake dawo da ita da gyara, ka kira shi ka tambayi dalili. Ka koyi Excel har ka iya gina lissafin shige da ficen kuɗi na kamfani daga farar takarda. Ranar da aka tallata gurbi a sashen bashi, sunanka ba baƙo ba ne a wurinsu. Shekara biyu zuwa uku sun isa a gane ko wuri na ƙara maka wani abu. Tsalle duk wata shida kuma yana sa masu ɗauka su yi ɗari-ɗari da kai.

Abu ɗaya ne ba ya gyaruwa, shi ne sunan da ya ɓaci. Bankuna suna kai rahoton ma'aikacin da aka kora saboda almundahana ga Babban Banki, kuma ana duba wannan kafin wani banki ya ɗauke ka. Sabon ma'aikaci ne aka fi jefawa a rami, domin yana jin nauyin ya ce a'a. Kada ka ba kowa kalmar sirrinka ta kwamfuta, ko da oganka ne ya ce sauri yake yi. Kada ka sa hannu a kan kuɗin da ba ka ƙirga ba ko kayan da ba ka gani ba. In babba ya ba ka umarnin da ya saɓa ƙa'ida, ka ce cikin girmamawa, "Ranka ya daɗe, a turo mini a rubuce." Idan lokacin tashi ya yi, ka ba da sanarwa gwargwadon kwanakin da takardarka ta ce, ka miƙa aiki a rubuce, ka biya duk bashin ma'aikata da ke kanka, ka karɓi takardar sallama kafin ka fita, domin wurin da za ka je sai sun rubuto suna tambaya a kanka.